Wa Ya Fitar da Hollo?

Ranar Litinin ɗin Ista da la'asar, bayan mazan ƙauyen Nadaser sun gama bin gidaje suna yayyafa wa mata ruwa da turare bisa al'adar ranar, kowa ya dawo da jan ƙwai a aljihu da barasar palinka a ka, Kelemen ya shiga bargarsa ya tarar an fitar masa da doki an mayar.

Dokin, Hollo, na tsaye a wurinsa yana cin ciyawa kamar ba abin da ya faru. Amma taɓo ya bushe masa har gwiwa, gumi ya yi fari a wuyansa, ga kuma kumburi kamar tafin hannu a ƙirji, daidai inda ɗamarar jan keken doki take zama.

Kafin rana ta faɗi rabin ƙauyen ya taru a ƙofar bargar. Hollo ba dokin Kelemen kaɗai ba ne a wurinsu. Shi ne ingarma na ƙarshe cikin baƙaƙen dawakin da Nadaser ke tinƙaho da su tun kakanni, waɗanda in an ɗaura huɗu a keke suka shigo fili sai 'yan kallo su miƙe tsaye. Ran Asabar za a gwada shi gaban alƙalai. In ya ci, wani mutumin Holland zai biya ya tafi da shi.

Aka aika a kira Bertalan, mai gadin gonaki. Ya yi ƙuruciyarsa yana kiwon dawaki a filin ƙauyen, yanzu kuma shi ake nema in dukushi ya ɓata ko aladun daji sun shiga masara. Mutum ne mai yawan shiru, wanda kan tsaya kan abu guda yana juya shi har a gaji da jiransa.

"Kawu Bertalan, dubi abin da aka yi mini," in ji Kelemen. Ya nuna Gaspar, mai kula da dokin, wanda ke zaune kan bokiti ya dafe kai. "Ga shi nan. Na bar masa amana ya je ya sha ya kwanta a gindin katanga. Ko kuma an biya shi ya kwanta."

"Ranka ya daɗe, na sha, ban musa ba," in ji Gaspar. "Wa bai sha ba yau? Har mai kaɗa ƙararrawar coci a kwance aka kai shi gida. Amma ni in sayar da Hollo? Ni da na ciro shi daga cikin uwarsa da hannun nan?"

"Ka gaya wa 'yan sanda ran Asabar. Kuma ka kwashe mini kayanka daga ɗakin baya."

Bertalan ya san ma'anar wannan. Mai kula da doki in aka ce ya ci amanar barga, daga nan har iyakar ƙasa ba mai sake miƙa masa ragama. Gaspar kuwa ya ba hamsin baya, bai iya komai ba sai doki.

Bertalan ya shafa kumburin. Fata ba ta tsage ba. Ya dubi ɗaurin ragamar, ya ga an ɗaure ta yadda ya kamata.

"Me aka ɗauka?" ya tambaya.

"Ba a ɗauki komai ba. So ake a gajiyar da shi, a ji masa rauni, ya faɗi gwaji," in ji Kelemen.

"Wanda ke son doki ya faɗi gwaji, ƙafa yake nema," in ji Bertalan. "Ka ba ni zuwa Asabar."

*

Washegari Bertalan ya bi sawu ta ƙofar baya. An yi ruwa ran Lahadi, ƙasa ta riƙe komai. Ga kofaton Hollo, manya, ga takalmin roba a gefen hagunsa, irin wanda kowa ke saya a kanti ɗaya. Abin da ya tsayar da Bertalan shi ne tafiyar dokin. Taku mai tsawo, a sake, ba turjiya ko sau ɗaya. Hollo kuwa ba ya bin baƙo. Ya taɓa ɗaga wani likitan dabbobi da haƙori ta kafaɗar riga.

Wannan ya ƙara jefa Gaspar cikin zargi. Bertalan ya haɗiye abin, ya ci gaba.

A bakin magudanar ruwa sawun ya hau hanyar tsakuwa ya ɓace. Nan gefe kuma ga shatin ƙafafun keke sirara, irin na gasa, sun juya sun nufi gidan Vilma.

Vilma ita ce mace ɗaya a yankin da ke tuƙa dawaki huɗu, kuma bara Kelemen ya kayar da ita da ƙyar a tseren ratsa ruwa. Tun ranar ba sa gaisawa. Bertalan ya same ta tana shafa wa linzamai mai.

"A'a, tsohon kare ya shinshino gidana," ta ce. "Shigo. Jiya ba ka zo ka yayyafa mini ruwa ba, so kake in bushe?"

"Kin wuce bushewa, Vilma. Me ya kai kekenki bakin magudana?"

"Me zai hana? Maza duk sun bugu, hanya ta zama tawa. Na fita da sababbin dawakina biyun nan in koya musu juyawa." Ta ajiye tsumman. "Wai ni ake zargi? Ni? Ka gaya wa yaron nan Kelemen, ina so in kayar da shi dokinsa na da ƙafa huɗu lafiyayyu, a gaban uwarsa da surukarsa. Nasara kan gurgun doki ai abin kunya ne."

"Kin ga kowa a hanya?"

"Na ga shamuwa biyu da wani keke can nesa wajen kangon gidan gona. Ban duba na wa ba ne. Kowa a garin nan baƙin doki gare shi." Ta yanko masa burodi da kitsen alade, ta barbaɗa jan barkono. "Ci. Kuma in ka kama mutumin, ka tambaye shi yadda ya sa shaiɗanin nan ya bi shi. Ni ko hannu ba ya bari in kai masa."

*

Daga nan Bertalan ya wuce gidan Baba Ambrus, kamar yadda ya saba in abu ya cushe masa. Baba Ambrus ne babban alƙalin dawakin yankin. Shi ke kallon ingarma yana tafiya kan ƙasa mai tauri, ya saurari numfashinsa bayan ya ja kaya, ya ce wannan a bar shi ya yi iri, wannan a dandaƙe shi. Ba a taɓa jin an ɗaukaka ƙara kan maganarsa ba. Ya taɓa kayar da dokin ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya saboda ɗan karkacen kofato, suka yi shekaru ba sa magana. Shi ne kuma ya fara ɗora Bertalan a kan doki.

Tsohon na zaune a rana yana kitsa igiyar bulala.

"Baba, barka da hutawa."

"Bertalan. Zauna. Na ji an ba ka aiki."

"An ba ni sata wadda ba a ɗauki komai ba."

"To sata ce?"

"Abin da nake ta juyawa ke nan. In mutum ya shiga gidanka ya zauna a kujerarka ya tashi, bai rage ka da komai ba, amma ba za ka ƙara barci yadda ka saba ba."

Baba Ambrus ya ja zaren da haƙori. "Kumburin ya sauka?"

"Yana sauka."

"A riƙa sa masa ruwan sanyi. Zai ci gwajin nan, ko ni ne alƙali ko wani. Ban ga kafaɗa irin tasa ba tun kakansa." Ya ƙulle zaren. "Ya ci, a sa shi a mota. Shi ke nan Nadaser ta koma sayen dawaki a wurin mutanen da muka koya wa riƙon linzami. Mutum nawa suka kai wa yaron nan Kelemen goɗiya don barbara bana ya mayar da su? Wai mai saye ya kafa sharaɗi, ɗan farin Hollo a ƙasarsa za a haife shi."

"Gaspar za a kai wa 'yan sanda, Baba."

Hannun tsohon ya tsaya kaɗan, sannan ya ci gaba da kitso. "Gaspar bai yi ba."

"Na sani. Sani ba hujja ba ne."

*

Kangon gidan gonar na can bayan fadamar kyauro, ba abin da ya rage sai bango biyu da rijiya mai jigo. Washegari Bertalan ya isa da hantsi, ya bar kekensa na ƙarfe nesa, ya shiga da ƙafa.

Ga sawun Hollo ya sauko daga tsakuwa. Ga shatin keken doki an tsayar a inuwar bango. An kwance doki guda daga keken, mai ƙaramin kofato, an ja shi zuwa tsakar gida. A nan ƙasa ta dagule. Kofatan bayan Hollo sun nutse ƙwarai, kusa da juna, kamar ya miƙe a kansu da dukan nauyinsa.

Bertalan ya daɗe a tsugune. Sannan ya yi dariya shi kaɗai, dariyar da ba ta yi nisa ba. Ashe goɗiya aka kawo masa. Ba a fitar da Hollo don a raunata shi ba, barbara aka sata. Kumburin ƙirji kuwa harbin goɗiya ne kafin ta yarda.

Amma harbin ƙafa mai takalmin ƙarfe yakan tsaga fata, wani lokaci har ƙashi. Ya sake bin sawun goɗiyar a hankali. Daga keke zuwa bakin rijiya, ƙarfe huɗu. Daga rijiya zuwa tsakar gida, ƙarfe biyu a gaba, na baya kofato tsirara. Daga rijiya komawa keke, ƙarfe huɗu kuma. Ya tona ƙasar gindin rijiyar da yatsa, ya tsinto guntayen tsofaffin ƙusoshi a lanƙwashe.

Ya zauna kan bakin rijiyar. Ɓarawo da rana tsaka, da ingarman wani a hannu, kowane lokaci ana iya leƙowa, amma ya tsaya ya cire wa goɗiyarsa takalman baya don kada ta ji wa dokin ciwo, aka gama ya sake tsayawa ya buga su. Mai gaggawa ba zai yi ba. Wanda ya yi wannan ya fi jin tsoron tabo a jikin Hollo da a kama shi.

Mutanen da ke da wannan hali a Nadaser ba su da yawa, waɗanda Hollo zai bi a sake kuwa sun fi ƙaranci. Bertalan ya ƙi kiran sunan ko a zuciyarsa. Ya tambayi kansa: in ya yi shiru, wa aka cuta? Jinin dawakin zai zauna a ƙauye, Kelemen zai karɓi kuɗinsa. Sai fuskar Gaspar ta faɗo masa, zaune kan bokiti. Kowace hanya ya bi da tunanin, a kan bokitin nan take ƙarewa.

Bai koma gidan tsohon ba. Ya bar masa sauran kwanakin ko zai fito da bakinsa. Ba wanda ya fito.

*

Ran Asabar filin gwaji ya cika. Kekuna sun jeru an goge su suna walƙiya, an rataya wa dawaki tuntayen fata masu kitso har suna share gwiwa, masu tuƙi sun sha baƙaƙen huluna da riguna masu jerin maɓallai. Mutumin Holland na jingine da shinge. Motar 'yan sanda na bakin ƙofa, Gaspar na tsaye kusa da ita da rigarsa ta zuwa coci.

Kafin a shigo da Hollo, Bertalan ya taka zuwa tsakiyar fili ya cire hula.

"Jama'a, ku yi mini haƙuri. Kelemen, ba wanda ya nemi raunata dokinka. Goɗiya aka kai masa a kangon bayan kyauro."

Fili ya ɗauki guna-guni. Wani daga baya ya ce, "Ashe shi ma yayyafi ya je!" Aka fashe da dariya. Kelemen bai yi ba.

"Ina roƙon duk wanda ya zo da goɗiya ya bari in ɗaga ƙafarta ta baya."

"Fara da nawa," in ji Vilma. "Ka duba da kyau, in ka ga zinariya rabi naka."

Ya duba nata. Sababbin takalma, sababbin ƙusoshi, ƙafa huɗu, aikin maƙeri na shirin gasa. Ya bi layi. Wasu sabo duka, wasu tsoho duka. Abin da yake nema shi ne tsohon takalmi da sabuwar ƙusa, a baya kaɗai. Ya kai ƙarshen layin bai samu ba.

"To, Kawu?" in ji Kelemen. "An gama wasan?"

Saura keke ɗaya. Yana can ƙarƙashin itace bayan teburin alƙalai, inda Baba Ambrus ke ajiye shi kowace shekara, Rigo goɗiyarsa na ɗaure a dama. Ba wanda ya lissafa shi cikin layi. Bertalan ya hango shi. Ya dubi Gaspar, ya mayar da hularsa, ya nufi itacen. Surutu ya ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke.

Ya sunkuya ke nan zai kama ƙafar, sai ya ji murya a bayansa.

"Bari. Ba ta son baƙon hannu a wannan ƙafar."

Baba Ambrus ya taso daga kujerarsa. Ya shafa cinyar goɗiyar, ya ɗaga kofaton da kansa, ya ɗora a gwiwa, ya juya shi wajen jama'a. Takalmin ya side har ya yi siriri, kawunan ƙusoshin kuwa sun fito tsaf, ko gogewa ba su fara ba.

"Ku matso ku gani," ya ce. "Babu ko ɗaya a karkace. Da hannu mai rawa na buga su."

"Baba!" in ji Kelemen. "Kai? Kai da ka kayar da dokin ɗan'uwanka?"

"Ni. Na roƙe ka tun sanyi bai wuce ba, ka ce sharaɗi. Uwar Rigo da kakar Hollo turke ɗaya suka tashi. In akwai cikin da zai riƙe jinin nan, nata ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Ɗan da za ta haifa ba shi da takarda! Ba za a yi masa lamba ba, ba zai shiga gwaji ba!"

"Takarda ba ta jan keke, yaro. Na shiga bargarka ba izini, na ɗauki abin da ka hana. Sunansa sata, ba zan sa masa wani suna ba. Amma in aka mayar da ni Litinin ɗin nan, zan sake."

Ya sauke ƙafar a hankali. Wasu tsofaffi a bakin shinge suka cire huluna, ba su san ma sun yi ba.

"Baba," in ji Bertalan, muryarsa ƙasa, "Gaspar fa? Yaushe ka yi niyyar magana?"

"Bayan gwaji. Na so in ga dokin nan ya ci da idona, daga kan kujerata."

"Motar can ba bayan gwaji ta zo ba."

Tsohon ya dubi motar, ya dubi mutumin da ke tsaye kusa da ita. A karo na farko kafaɗunsa suka sauka. Ya zare alamar alƙalanci daga ƙirjinsa ya ajiye kan tebur, ya ratsa filin da ƙafa har gaban Gaspar, ya cire hula.

"Gaspar, na kula da fatar doki, na bar taka a rana. Wannan ya fi satar muni. Ka yafe mini."

Gaspar ya daɗe yana murza bakin rigarsa. "Matata ta ɗaure kayanmu tun Laraba, Baba," ya ce. "Ita za ka je ka gaya wa. Ni ina da doki da zan shirya." Ya juya wajen Kelemen. "Ko har yanzu a kore nake, ranka ya daɗe?"

Kelemen ya kasa haɗa ido da shi. "Je ka ɗaura masa kaya."

Wani alƙali ya hau kujerar. Aka shigo da Hollo, Gaspar na riƙe da ragama, ƙirji a gaba shi da dokin duka. Da ingarman ya buɗe kafaɗa ya ratsa filin da sassarfa, keke na binsa kamar ba nauyi, har Vilma sai da ta buga tafi. Baba Ambrus ya kalla daga bayan shinge, cikin 'yan kallo.

Bertalan na tsaye kusa da shi, sai ga Kelemen ya zo, fuska a ɗaure.

"Mai saye ya ce zai rage kuɗi. Ƙara kuwa sai na kai ka, Baba, kada ka ce ban faɗa maka ba."

"Ka kai. Zan zo da wuri."

Kelemen ya juya zai tafi, ya tsaya. Ya dubi Rigo can ƙarƙashin itace tana korar ƙuda da wutsiya. Ya waiga ko akwai mai ji, sannan ya rage murya.

"Ta ɗauka kuwa?"

"Sai wata ya juya mu sani."

"To me ya sa ka ɗauro ta a keke kan hanyar tsakuwa? Kwance ta. Zan turo ɗaya cikin nawa ya ja ka gida."